Koyo ta hanyar aikin bincike: inda yake amfani da inda yake lalacewa

Malama, kin tambaya ko ba ɗalibai aikin bincike na tsawon makonni yana kaifafa tunaninsu da iya bayaninsu, ko cin lokacin manhaja ne kawai. Yana kaifafawa, amma ya danganta da yadda malami ya tsara shi.

Tsarin ba sabo ba ne, masanin ilimi William Kilpatrick ya yi rubutu a kansa a Amurka tun 1918. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne tambayar farko. In kika ce "ku yi fosta a kan ruwa", za su kwafo daga intanet, su ƙawata da launi, ba wanda ya motsa ƙwaƙwalwarsa. Amma in kika ce "lita nawa famfunan makarantar nan masu ɗiga ke zubarwa a wata, kuma wanne ya kamata a fara gyarawa?", dole su tari ɗigon a kofin awo na minti 10, su yi lissafi, su yi musu a kan ko awon safe kaɗai ya wadatar. Wannan musun shi ake nema, kada ki yi saurin raba musu gardama.

Rukuni kada ya wuce mutum 4. Da sun kai 6, biyu ne za su yi aikin, sauran 'yan rakiya ne. Maki a raba shi, rabi na rukuni, rabi na kowa da abin da ya yi.

Mako 3 ya isa a karon farko. A mako na biyu kowane rukuni ya gabatar da ɗanyen aikinsa cikin minti 5, 'yan aji su yi masa tambayoyi, ya koma ya gyara. Anan baki yake buɗewa, domin yaro yana kare abin da ya auna da hannunsa ne, ba hadda ba. Ranar ƙarshe ke za ki zaɓi mai amsa kowace tambaya. In aka bar wa rukuni, mai bakin cikinsu zai cinye filin.

Kuma kada ki daina koyarwa. Masu binciken ilimi Kirschner da Sweller da Clark sun yi gargaɗi a 2006 cewa sabon mai koyo yana ruɗewa in jagoranci ya yi ƙaranci. In kin ga sun kasa mayar da mililita zuwa lita, ki dakatar da aikin, ki yi darasin minti 15 a allo, sannan su ci gaba.