Filin Amsa Tambayoyinku: Me ya sa lili ɗina ba ya yin iri?

TAMBAYA: Ina da lambun furanni a Jos. Na sayi albasar lili iri biyu da aka shigo da su daga Holan, ɗaya an rubuta LA a jikin leda, ɗayan Oriyantal. Na shafa garin furen wannan a kan wancan, ƙwanso ya kumbura, amma da na fasa sai ƙaiƙayi. Ina matsalar take?

AMSA: Malam, aikinka bai yi laifi ba, iyayen da ka zaɓa ne ba sa haihuwa da juna. Lili na kasuwa dangi-dangi ne: akwai na Asiya, da Oriyantal, da Lonjifilorum, da mai kakaki. Yawancinsu kuromosom (zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta) 24 gare su, wato jeri biyu, kuma barbara a cikin dangi ɗaya ba ta da wuya. Shi kuwa LA ɗan haɗi ne tsakanin Lonjifilorum da na Asiya, kuma akasarin na kasuwa kuromosom 36 ne da su, wato jeri uku. Jeri uku ba ya rabuwa biyu daidai, shi ya sa garinsa yawanci ba ya da rai, kamar dai alfadari. Kumburin ƙwanso kuma ba shaida ba ce, don yakan kumbura ko babu ɗan tayi a ciki.

Shinge biyu ne tsakanin dangi da dangi. Na farko, garin yakan tsiro a kan macen fure amma zarensa ya maƙale a wuyan macen, bai kai mahaifa ba. Masu sana'ar sukan yanke wuyan da reza mai tsabta, su bar kimanin santimita 1 a saman mahaifar, su sa garin a wurin yankan. Na biyu ya fi tsanani: ɗan tayi ya samu, amma abincin da zai rayu da shi a cikin ƙwaya ya lalace. Maganinsa a ciro shi tun ƙwanso yana ɗanye, wajen kwana 40 zuwa 60 bayan barbara, a raine shi a kwalba a ɗakin gwaji. Ta haka aka samu LA da OT (haɗin Oriyantal da mai kakaki), kuma jami'ar Wageningen ta Holan ta yi fice a aikin. 'Ya'yan farko sukan fito bakarare, sai a ninka kuromosom ɗinsu zuwa 48 da sinadarin kolcisin ko orizalin. Kolcisin guba ne, ba na gida ba ne.

Idan ka nace da LA ɗinka, mai da shi uwa, ka kawo gari daga na Asiya. Wani lokaci akan tsira da 'yan ƙwayoyi. Amma shawarata ka fara da na Asiya biyu mabambanta, domin yawancin lili ba ya karɓar garin kansa, kuma albasa biyu masu suna ɗaya tamkar tsiro ɗaya ne.

Kafin furen uwa ya buɗe, cire 'yan sandunan nan 6 masu ɗauke da gari. Bayan kwana 1 ko 2 da buɗewa, kan macen zai yi danƙo, to a lokacin za ka shafa garin, ka rufe da ɗan foyil, ka rataya takarda mai sunan uwa da uba da kwanan wata. Idan ba su yi fure tare ba, busar da garin, ka sa a kwalba mai murfi a firiza, yakan kai watanni. Ƙwanso yana nuna bayan wata 2 zuwa 3. Ɗaga ƙwayar ka haska: mai rai za ka ga siririn layi a tsakiyarta. Irin na Asiya yana tsirowa cikin 'yan makonni, ya yi fure a shekara ta 2 ko ta 3. Na Oriyantal sai ya sami wajen wata 3 na ɗumi, sannan wata 2 zuwa 3 na sanyin firji, kafin ganye ya fito.

TAMBAYA: Albasar kwaɗi da ke fitowa a fadamarmu da damina tana kama da lili. Za a iya haɗa su?

AMSA: A'a. Albasar kwaɗi Crinum ce, danginta daban da na Lilium, wato lili, garin ɗaya ba ya kama ɗaya. Idan kina son gwaji da ita, nemo wata Crinum mai launi daban ki haɗa su, ga shi kuma sun fi lili jure zafinmu.