Bayan tiyatar ƙashin baya, yaushe zan koma filin ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 38. Wata biyu ke nan da aka yi mini tiyata, aka cire ɓangaren faifan ƙashin bayana da ya zame yana danne jijiya. Azabar da ke sauka ƙafar hagu ta ragu ƙwarai, amma gefen ƙafar har yanzu a sage yake, ƙuguna kuma yana riƙewa da safe. Kafin ciwon ina buga ƙwallo a filin Murtala duk Asabar. Aikin ne bai yi ba? Yaushe zan koma?
Daga mai karatu a Kawo, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka bayyana ba alamar aiki ya lalace ba ne. Likita ya ɗauke abin da ke danne jijiyar, galibi a gaɓoɓin ƙasan ƙashin baya da likitoci ke kira L4-L5 ko L5-S1, amma warkewar jijiyar da kanta take yi, kuma a hankali. Zafi ne yakan fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewa da minjirya su zo ƙarshe. Sukan ɗauki wata shida zuwa shekara, wasu ma ɗan wuri kaɗan yakan zauna musu haka. Riƙewar safe kuwa daga naman bayan da aka ture wajen aiki ne, ga kuma raunin doguwar kwanciya.

Inda muke so ka sa lura shi ne nan. Kafar da faifan ya ɓullo ta cikinta yawanci ba a ɗinke ta, tabo ne ke rufe ta. Shi ya sa mutum 5 zuwa 15 cikin 100 faifan yakan sake zamewa, an fi ganin haka a watannin farko. Abin da ya fi jawo shi shi ne haɗa sunkuyawa da murɗa ƙugu da ɗaukar nauyi lokaci guda: jan igiyar janareta, ɗaga jarkar ruwa mai lita 25, tura mota, sauke buhu. Hawa acaɓa a hanya mai ramuka ma ka jingine shi tukuna. Kada ka zauna fiye da minti 30 ba ka miƙe ba, kuma ka guji sunkuyo a awar farko bayan tashi daga barci, domin faifan yana cike da ruwa a lokacin.

Kwanciya ba za ta warkar da kai ba. Ka fara da tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, minti 15 zuwa 20 safe da yamma, kana ƙara minti 5 duk mako har ka kai 45. Sai atisaye uku a kan tabarma. Ka kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ka tsuke naman cikinka daƙiƙa 10 kana numfashi, sau 10. A haka kuma ka ɗaga ɗuwawu har cinya da ciki su miƙe, daƙiƙa 5, sau 10. Na uku, ka durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi, ka miƙa hannun dama da ƙafar hagu ba tare da bayan ya lotsa ba, sannan ka sauya. Atisayen tashi-zaune na ciki da na taɓo yatsun ƙafa, waɗanda 'yan ƙwallo ke so, su ne suka fi matse faifan, a bar su. Ya fi kyau likitan gashin ƙashi ya fara nuna maka atisayen ukun da kansa. Akwai sashen a Asibitin Barau Dikko da na Shika a Zariya.

Sassarfa sai wajen wata na uku: minti 1 gudu, minti 2 tafiya, kwana uku a mako. Ƙwallo, saboda juyi da karo, sai wata huɗu zuwa shida, kuma da yardar likitan da ya yi aikin.

Ga ma'aunin ciwo. In ka auna shi daga 0 zuwa 10, wanda bai wuce 3 ba, ya kuma lafa kafin wayewar gari, ba komai. Ka lura da inda yake dosa: in yana janyewa daga ƙafa zuwa ƙugu, sauƙi ne ke zuwa, in yana gangarawa cinya da sharaɓa, ka wuce gona da iri, ka rage rabin motsa jikin na kwana uku.

Maganar magani, muna roƙonka kada ka mayar da diclofenac ko ibuprofen na kullum, suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda. Tramadol na kan titi kuwa kama mutum yake yi. Zugin jijiya yana da nasa magunguna, irin su pregabalin da amitriptyline, likita ne ke rubutawa. Kada ka bari mai ɗori ya taka ko ya murɗa bayan. In kana shan taba, ka daina, tana rage abincin da faifan ke samu daga jini.

Ka tafi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, in fitsari ya riƙe, ko fitsari ko bayan gida suna zuwa ba ka sani ba, in tsakanin cinyoyi da al'aura ya sage, in ƙafa ta fara jan ƙasa, ko zazzaɓi ya zo tare da ruwa daga wurin ɗinki.

Tambaya: Mako uku da yi mini irin wannan aikin. Yaya zan yi da ruku'u da sujada?
Daga wata baiwar Allah a Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, sannu. A makonni shidan farko ki yi sallah a kan kujera, shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. In likita ya ba ki izini, ki fara ruku'u da lanƙwasa daga kwatangwalo, baya a miƙe, hannuwa a kan gwiwa. Wajen sujada ki sauka da gwiwa ɗaya tukuna, kina dafa kujera.