Notin juye mai maganaɗisu: in zuba jari ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon baƙin mai da filta kusa da tasha a Tahoua. Wani dillali ya kawo mini samfurin notin juye, wato wanda ake kwancewa a zubar da tsohon man inji, mai maganaɗisu a bakinsa. Ya ce yana tsince ƙarfen da ke yawo cikin man inji, mota ta daɗe ba ta nemi juye ba, inji kuma ya ninka shekarunsa. Yana so in ɗauki guda 500 a kan jika guda-guda, in sayar jika uku-uku. Jarina duka bai wuce sefa miliyan ɗaya da rabi ba. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kayan ba na damfara ba ne, amma kada ka ɗauki 500.

Dillalinka ya faɗi gaskiya a wuri ɗaya. Muddin inji na juyawa, ƙarfe na gogar ƙarfe, garinsa kuma cikin mai yake zuba. Filta tana tare manyan, ƙananan su sulale su ci gaba da zagayawa, to cikinsu duk wanda ya gitta kusa da maganaɗisu zai maƙale. Dabarar tsohuwa ce. Masu ƙera motoci sun daɗe suna sa irin wannan noti a akwatin giya da aksul na baya, saboda can babu filta. Tambayi duk bakaniken da ya taɓa juye man aksul ɗin Hilux, zai ba ka labarin baƙin laka da yake sharewa a bakin notin. Har jirage masu saukar ungulu suna da irinsa, kuma aikinsa a can shi ne ya tona asirin ƙarfen da ya fara cinyewa tun abin bai zama haɗari ba.

Sauran maganarsa kuwa ta neman ciniki ce. Maganaɗisu baƙin ƙarfe yake ja. Ba ruwansa da alminiyam ɗin da ake yin fistin da shi, ba ruwansa da tagulla ko dalma da ke jikin metal, wato ƴan ɓawon ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansu. Babbar magana, ba ya jan rairayi. Mu kuwa a Adar abin da ke cin inji ke nan. Motar da ke zirga-zirga tsakanin Tahoua da Abalak zuwa Agadas cikin hunturu, ƙurar da ta samu kafa ta filtar iska ita ce ke goge ringi da silinda. Garin ƙarfen da za ka gani a bakin noti, sau da yawa ɓarnar da ƙurar ta riga ta yi ce. Shi ma man, zafi da hayaƙi da ɗigon gazuwal ko fetur ne ke kashe ƙarfinsa, kuma babu abin da noti zai yi a kai. Saboda haka kalmar "mota ta daɗe ba juye" kada ta fito daga bakinka ko na yaron shagonka. Direban da ya yarda da ita ya ja lokaci har injinsa ya buga, ba dillali zai nema ba, ƙofar shagonka zai tsaya ana ji a tasha.

Mu zo kan kuɗi, don nan ne ribar jika biyu take rufe ido. Baƙin mai da filta kaya ne da mai mota ke dawowa saye ko yana so ko ba ya so. Noti kuwa sau ɗaya ake saye, sai dai in ya lalace ko an canza mota. A ce kana sayar da goma a wata, wanda ba ƙaramin ƙoƙari ba ne ga kayan da mutane ba su saba da shi ba. Ribarka jika 20 a wata, kwalin kuma zai kai wata 50 kafin ya ƙare, sama da shekara huɗu ke nan. Ɗauki wannan jika 500 ɗin ka sa a mai da filta. Ko da ribar kashi 10 cikin 100 kake samu, in kuɗin ya juya sau biyu a wata, jika 100 ce. Ka sa naka lissafin na gaskiya a gurbin nawa, da wuya sakamakon ya canza fuska. Ga shi kuma kashi ɗaya cikin uku na jarinka ne za ka kwantar a kan kanta. Bayan da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kayan tashar jiragen ruwa sun koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, ka fi ni sanin yadda mai kuɗi a hannu ke sauke kaya ranar da suka iso, wanda jarinsa ya maƙale yana kallo.

Inda nake ganin kasuwar wannan kaya ba ma a mota ba ne, a babur ne. Yawancin ƙananan baburan da ƴan kabu-kabu ke hawa ba su da filtar takarda irin ta mota, ƴar raga ce ke tace man, kuma mai ɗaya ne ke shayar da inji da giya da kuloci. Garin ƙarfe ya fi yawa, abin tarewa ya fi ƙaranci. Sai injin da aka sauke aka yi wa sabon ringi, wanda ke zubar da gari sosai a farkon tafiyarsa. Waɗannan in ka ce musu notin zai amfane su, ba ka yi ƙarya ba.

Hanyar sayarwa kuma ta hannun bakanike ce, lokacin juye. Shi zai kwance notin ya nuna wa mai abin hawa. In baƙin gari ne mai laushi kamar kwalli, wanda ke narkewa tsakanin yatsu, lafiya lau, a share a mayar. In ɓarɓashi ne mai kaifi da ke cizon yatsa, akwai abin da ke karyewa a ciki, a buɗe tun kuɗin gyara bai kai kuɗin inji ba. Wannan shi ne abin da kake sayarwa da gaske. Ka ware wa bakaniken ɗan kamasho a kan kowane guda, shi zai yi maka talla.

Kafin ka biya ko dala, kada ka yi cinikin biri a sama. Haƙoran noti ba ɗaya ba ne, akwai lambar da ke nuna kaurin noti da tazarar haƙoransa: yawancin Toyota M12×1.25 ne, Honda M14×1.5, babura kuma da nasu. In kwalin girma ɗaya ne, rabin masu zuwa shagonka ba nasu ba ne. Duba jikin notin, na ƙarfe ya fi na alminiyam mai launi, wanda ke karyewa in bakanike ya danne sifana da ƙarfi. Duba yadda aka dasa maganaɗisun, don wanda aka liƙa da gam kawai yana iya ɓallewa ya faɗa cikin inji. Sai zafi. Maganaɗisun neodiyam na gama-gari, wato ƙaramin nan mai ƙarfin ja da ake dasawa a irin wannan noti, yana fara rasa ƙarfinsa da ya wuce digiri 80, man inji kuwa yakan kai 100 har ya ɗara, balle a watan Afrilu. Akwai masu jure 120 ko 150, amma sun fi tsada. Gwajin ba wuya: ƙirga ƙusoshi nawa samfurin ke ɗagawa, ka tafasa shi cikin ruwa, ka bari ya huce, ka sake ƙirgawa. In ya ragu, mayar masa da abinsa.

In ya ci gwajin, ka ce ya ba ka 30 zuwa 50, girma daban-daban, kowane da washarsa, ka sayar ka biya. In ya ƙi, ka sayi 20 da kuɗinka, ka rubuta ranar da suka shigo a littafin shago, bayan wata uku ka duba nawa suka rage. Sauran kuɗin ka ƙara filtar iska mai kyau kafin hunturu ya kama.