Hukuncin ajiye wufa a jikin bangon maƙwabci

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Na haɗa kayan kallo a falona, babbar talabijin da sifikoki biyar da wufa, wannan ƙatuwar mai duma. Yaron da ya haɗa min yace a lungun falo za a ajiye ta, wai nan ne take ba da duma sosai, kuma gaskiya ta bayar, in ana kallon ƙwallo kamar kana cikin filin. Toh matsalar Malam ita ce gidan haya nake, bangon nan ɗaya muke da maƙwabcina, kuma ɗakin mahaifiyarsa ne a bayan, tsohuwa ce. Sau biyu yana min magana wai gadonta har rawa yake, ni kuma wallahi da na fita tsakar gida ba na jin komai. Falona ne, kuɗina na biya. Ina da laifi a shari'a? Kuma bangon ta gabas yake, akwai matsala a ajiye ta wajen alƙibla?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bari in fara sallamar ƙaramar tambayar, maganar alƙibla babu komai a ciki, ba a hana ajiye kaya ta gabas ba, sai dai in a falon kake nafila to kada a bar abin da zai ɗauke maka hankali yana kunne. Ita kanta wufar kuma kaya ce kamar rediyo, hukuncinta yana bin abin da ake ji da ita. In karatu ne ko labarai ko ƙwallon da ba ta sa ka bar jam'i ba, halal ne. In kiɗa ne, ka san mazhabobin nan huɗu a kan hani suke in ban da ganga irin ta biki da aka yi rangwame, duk da akwai irin su Ibn Hazm da suka saɓa. Ba wannan ka tambaya ba, zan bar shi nan.

Abin da ka tambaya shi ne haƙƙin maƙwabci, kuma amsar ita ce eh, matuƙar abin na kaiwa ga tsohuwar nan yadda ɗanta ya faɗa, kana da laifi, kuma wajibi ne ka ɗauke ta daga jikin bangon.

Na san za ka ce ai ka fita ka saurara baka ji komai ba. Ɗan'uwa, ba ƙarya maƙwabcinka yake ba, kai ma ba ƙarya kake ba, haka sautin duma yake. Aikin wufa shi ne fitar da sautin ƙasa ƙasa, galibi daga 80 Hz (Hz ma'auni ne na sau nawa sauti ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya) zuwa ƙasa har kusan 20, kuma irin wannan sautin doguwar igiya gare shi, na 40 Hz kaɗai tsawonsa ya haura mita 8, ya fi falon da yawa daga cikinmu. Siririn sauti kamar muryar mai sharhin ƙwallo, bango da labule na iya tare shi, amma duma bin siminti da bulo take ta shige, ta bi ƙasa ta hau ƙafar gado. Kai kana tsakar gida a sarari, ita kuwa tana kwance a rufaffen ɗaki kanta na kusa da bangon da akwatin ke jingine. Yaron da ya ce maka lungu ya fi duma shi ma gaskiyarsa, domin bango biyu da ƙasa ne ke haɗuwa su ƙara mata ƙarfi, kawai dai bai tambayi wa ke kwana a bayan ba.

Manzon Allah (SAW) yace babu cuta babu cutarwa, hadisi ne sananne, yana cikin Muwaɗɗa da Ibn Majah, duk wanda ya karanta Arba'una ya wuce ta kansa a na 32. Kuma Bukhari ya ruwaito Annabi ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, aka ce wa ya Rasulallah, yace wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga sharrinsa ba. Allah kuma a Suratun Nisa'i aya ta 36 ya jera maƙwabci na kusa da na nesa a cikin waɗanda za a kyautata wa, a aya ɗaya da iyaye. Amma wanda ya fi shiga maganarka kai tsaye shi ne na Abu Sa'id a Abu Dawud, Annabi yana i'itikafi a masallaci ya ji sahabbai na ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule yace kowannenku ganawa yake da Ubangijinsa, kada sashe ya cutar da sashe, kada wani ya ɗaga murya a kan wani wajen karatu. Alƙur'ani fa kenan, a masallaci. In an hana a dami mutum da Alƙur'ani, ina ga ihun 'yan kallo da ƙarar fashewar mota a fim? Wannan ma jan kunne ne ga masu ƙure sifika da karatu ƙarfe biyun dare suna ganin lada suke tarawa. Miƙdad ya ba da labari a Sahihu Muslim cewa in Annabi ya shigo da dare yakan yi sallama irin wadda mai ido biyu zai ji, mai barci kuma ba zai farka ba.

Yanzu ga inda ɗalibi zai iya kawo min ja, gara in kawo da kaina. A Mukhtasar, Shehu Khalil ya lissafo abin da alƙali ke hana mutum saboda maƙwabci, hayaƙi, warin jima, duk abin da ke cutar da bango, sannan yace ba a hana sauti irin na bugun tufafi, wato irin bugun shadda da muka sani a Kano. Toh sai wani yace kenan ƙara ba cuta ba ce. A'a. Masu sharhi sun ce an bar maƙeri da kafinta da mai bugu ne saboda abin mai sauƙi ne, kuma sun kawo ƙaidin cewa in ya tsananta ya dawwama to a hana. Sannan waɗannan sana'a suke, abincin iyalinsu ke nan, akasari kuma da rana, kai kuwa nishaɗi ne, kuma da dare. Ba za a auna su a sikeli ɗaya ba. Kuma ma taka ta wuce sauti zalla tunda har girgiza take yi. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan, akwai wani magini masani a Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, da alƙalai ke aikawa duba irin wannan rigima, ya bayyana yadda ake gwada dutsen niƙa, a rataye takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan bangon, a zuba 'yan busassun ƙwayoyi a kai, a ce mai niƙa ya juya dutsensa, in ƙwayoyin suka motsa to ya ɗauke. Kai ma gwajinka ke nan, ka nemi izini ka shiga ɗakin Hajiya, ka ajiye kofin ruwa a ƙasa jikin bangon, wani ya kunna a yadda ka saba, ka zauna bakin gadon minti biyar ka ji da jikinka.

Maganar falona ne kuɗina na biya, eh ka biya kuɗin falo, amma ba ka biya kuɗin barcin wani ba. Kuma ko da maƙwabcin ya ce maka ba komai bayan ya yi magana sau biyu, kada ka riƙe wannan, kunya ce.

Kuma ba wai ka sayar da kayanka nake cewa ba. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne kunne ba ya iya gane ta ina duma ke fitowa, saboda haka ba dole sai a gaba ko a lungu ba. Masu harkar suna da wata dabara, ka ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka kunna abu mai duma, sai ka duƙa ka riƙa zagaya falon da rarrafe kana saurare, duk inda ka ji sautin ya fito tas ba ya gunji to nan ne mazauninta, kai dai ka cire bangon maƙwabci daga lissafi. Mafi kyau a irin gidanka ka kawo ta kusa da kujerar, gefe ko baya, kaga za ka ji dumar a jikinka alhali ka rage ƙarfinta sosai. Ka sa mata roba mai kauri ko soso mai tauri a ƙasa kada ta zauna kan tayil kai tsaye, wannan yana rage girgizar da ke bin ƙasa, amma ba ya kashe wadda ke bin iska, kada ka ce ka sa soso shikenan. Yawancin amfilifaya na da tsarin dare da ke danne ƙarar da ke tashi farat ɗaya, ka sa yaron ya nuna maka. Bayan isha'i kuwa kashe wufar gaba ɗaya ya fi, sauran sifikokin sun ishe ka, in wasan Turai ne na dare ga abin sawa a kunne. Matarka da yaranka ma suna da haƙƙin barcin nan, su ne ma ba sa iya yin magana.

In ka gama sauya wurin ka koma ka sake gwajin kofin, sannan ka gaida tsohuwar ka nemi afuwarta kan dararen da suka wuce, ita da kanta, ba ta bakin ɗanta ba.

Wallahu a'alam.