Ƙanena mai son zuwa Saudiyya karatun muhawara

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, kace kana son kazo nan ka karanci ilimin hujja da muhawara a jami'a, wai in ka koma gida babu wanda zai iya ja da kai a muƙabala. Wallahi sai da na yi dariya, don nima da irin wannan zafin kan na sauka Madina.

Toh bari in gaya maka yadda abin yake. A digirin farko ba za ka shigo ka tarar da wani sashe an rubuta masa muhawara a ƙofa ba, abin a warwatse yake. Wani yana cikin Usulul Fiƙhi, wani a mantiƙi, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, wani a abin da suke kira adabul bahsi wal munazara, wato ladubban bincike da muhawara, wanda Shehu Muhammadul Amin Shanƙiɗi ya rubuta wa ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina littafi a kai lokacin yana koyarwa a nan. Na zamani kuma Larabawa suna ce masa hijaj, shi sai ka kai majistir, wato digiri na biyu, a balaga ko ilimin harshe za ka sha shi sosai, a nan ne za ka haɗu da masanan Turawa su Perelman da Toulmin da duka littattafansu suka fito a 1958, kuma yawancin abin da za ka karanta da Larabci malaman Maroko da Tunisiya ne suka rubuta, irinsu Ɗaha Abdurrahman da Abdullahi Sula.

Shi karatun kansa ba surutu bane, zama ne. Za a baka huɗuba ɗaya ko maƙalar jarida ace ka feɗe ta har wutsiya, ina da'awar, ina dalilin, wace magana mai rubutun ya ɓoye bai faɗa ba amma a kanta ya ɗora ginin. Misali mu a gida sai kaji ance ai wane a Madina ya yi karatu don haka maganarsa daidai ce, to abin da aka ɓoye shine duk wanda ya yi karatu a Madina baya kuskure, ni kuwa da nake kwana ɗaki ɗaya da su na san ba haka bane. A munazara mai kare magana sunansa mu'allil, mai ja da shi sa'il, kuma shi mai jan hanya uku gare shi, ko yace ban yarda da wannan muƙaddimar ba kawo dalili, ko ya nuna dalilin naka ya warware a wani wuri, ko ya kawo nasa dalilin da ya ci karo da naka. Ƙa'idar da aka fara sa mu haddace ita ce in naƙalto ka yi to tabbatar da ingancin naƙalin, in da'awa ka yi to kawo dalili. Bahasina na farko duktur ya dawo min da shi duk jan biro, yace shafi 6 ina ta faɗa da mutum ban ma tsayar da inda muka saɓa ba, tahriru mahallin niza'i kenan. Ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Ka sani kuma mantiƙi anan ana karanta shi ne da taka tsantsan saboda raddin da Ibn Taimiyya ya yi wa masu shi, wani malamin zai koya maka yana sukarsa a lokaci guda. Kar abin ya dame ka, rigimar tsohuwa ce, Magili da yazo Kano zamanin Muhammadu Rumfa ma sai da suka yi musayar baitoci da Suyuɗi a kanta, shi Magilin yana kare mantiƙin.

Maganar zuwa kuma, ta shafin Study in Saudi ake nema yanzu, kyauta ne, duk ejan ɗin da yace ka bashi kuɗi ya samo maka minha, wato gurbin karatu kyauta, ka riƙe kuɗinka. Digirin farko suna duba shekaru, kar ka wuce 25. In Larabcinka bai nuna ba ma'ahadin lugga, wato sashen koyon Larabci, za a fara turaka, kuma gara hakan, don wanda bai san aikin kalmomin Larabci irinsu bal da lakin da hatta a jumla ba babu abin da zai iya feɗewa. Akwai masauki da ɗan mukafa'a, wato alawus, duk wata, yana isar mutum ɗaya in bai da almubazzaranci, amma iƙamar ɗalibi ba ta aiki bace, ka gaya wa su Baba tun yanzu kar su sa ran aike. Sudan da ka ambata kuma ka ajiye ta tukuna, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 aka kwaso ɗalibanmu daga Khartoum.

Kafin takardu su fito ka nemi malamin zaure ya biya maka littafin mantiƙi na Sullam, mai Ahalarin nan da muka karanta muna yara shine ya rubuta shi. Sannan ka ɗauko muƙabala ɗaya a YouTube, wadda kake goyon bayan ɓangare ɗaya a ciki, ka rubuto min hujjar ɗaya ɓangaren yadda shi da kansa zai yarda haka ya faɗa, ka turo min ta WhatsApp in duba bayan isha'i. A gaida Umma.