Wuta a ƙarƙashin ƙanƙara: zirin Hut Point da asalin sunansa

Tambaya: Malam, na ga wani wuri a taswirar Antaktika mai suna Hut Point, aka ce duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi. Ta yaya wuta za ta fito a ƙasar ƙanƙara? Kuma wa ya raɗa masa suna, tunda ba kowa a can?

Amsa: Malam, sanyin sama bai da iko da zafin cikin ƙasa. Ƙanƙara lulluɓi ce kawai. A wannan yanki ɓawon ƙasa yana buɗewa sannu a hankali, narkakken dutse kuwa duk inda ya samu kafa sai ya fito. Haka Tsibirin Ross, inda Hut Point yake, ya samu gaba ɗayansa. Dutsen Erebus da ke tsakiyarsa, mai tsayin mita 3,794, har yau yana huci, akwai ma tafkin narkakken dutse a cikin bakinsa.

Daga gindin Erebus ne zirin Hut Point ya miƙe kudu maso yamma, tsawonsa kusan kilomita 24, faɗinsa bai wuce 3 zuwa 5 ba. Jerin ƙananan duwatsu ne da suka yi aman wutarsu tuntuni suka mutu, suka bar baƙin tsakuwa. A ƙarshen zirin akwai ƙasa tsirara da jirgin ruwa ke iya kaiwa, abin da ke da wuyar samu a can. Shi ya sa Amurka ta kafa tashar bincike ta McMurdo a wurin, ƙasar Niyu Zilan kuma ta buɗe tata tashar, Scott Base, a 1957.

Maganar suna ita ta fi taɓa ni. James Clark Ross na Ingila ya iso a 1841, ya ba manyan duwatsu biyu na wurin sunayen jiragensa, Erebus da Terror. Amma bai gane cewa tsibiri ne ba. Sai a 1902 ayarin Robert Falcon Scott ya sauka da jirgin Discovery, suka kafa wata bukkar katako a bakin ruwa. Da Turanci bukka ita ce hut, daga nan tsinin ya samu suna, daga baya sunan ya bi zirin duka. Bukkar daga Ostareliya aka kawo ta, har da baranda irin ta ƙasar zafi, sanyi ya hana kwana a cikinta, suka ci gaba da kwana a jirgi. Tana nan tsaye har yau.

Sauran sunayen ma labarin mutanen ne. Cape Armitage sunan mataimakin Scott ne. Danger Slopes, gangaren haɗari ke nan, a nan George Vince ya sulale ya faɗa teku a watan Maris na 1902, ba a ga gawarsa ba. Observation Hill, tudu mai mita 230, nan suke hawa su leƙa hanya. A kansa abokan Scott suka kafa gicciye a Janairun 1913, bayan shi da mutum huɗu sun rasu a hanyarsu ta dawowa daga ƙuryar kudancin duniya.