Tambaya da Amsa: Ministan jihar da ya gabatar da kasafin kuɗi sau 13

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu biyu da suka shafi ƙasar Indiya, domin amsar ɗaya tana share wa ɗaya fage.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Zariya: Assalamu alaikum. Na sha jin gidajen rediyo suna cewa "ministan kuɗi na jihar kaza" idan suna ba da labarin Indiya. Kuskuren mai fassara ne, ko kuwa jiha ma tana da minista? Mu dai a nan kwamishina muka sani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba kuskure ba ne. Indiya tana bin tsarin majalisa irin na Ingila a tarayya da kuma jihohi. Gwamnan jiha a can ba zaɓarsa ake yi ba, shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, kuma yawancin aikinsa na sa hannu ne da rantsarwa. Mai riƙe da ragamar mulki shi ne babban minista, wato jagoran jam'iyya ko ƙawancen da ke da rinjaye a majalisar dokokin jihar, shi kuma yana zaɓo ministocinsa daga cikin 'yan majalisa. Idan aka naɗa wanda ba ɗan majalisa ba, tsarin mulki ya ba shi wata shida ya sami kujera, in ba haka ba ya sauka. Tun gyaran da aka yi a 2003, yawan ministoci ba zai wuce kashi 15 cikin ɗari na 'yan majalisar ba.

A Nijeriya ta yau akasin haka ne, domin gwamna ne ke naɗa kwamishina, ɗan majalisar da aka ba muƙamin sai ya bar kujerarsa, kuma galibi idan gwamna ya tafi kwamishinoninsa sun bi shi. Amma mu ma mun taɓa yin irin tsarin Indiya a zamanin Jihar Arewa, lokacin da Alhaji Aliyu Makaman Bida yake ministan kuɗi, Alhaji Isa Kaita kuma yake ministan ilmi a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello. Abin lura shi ne, a irin wannan tsari ƙarfin minista daga mazaɓarsa yake fitowa, ba daga alƙalamin maigidansa kaɗai ba.

TAMBAYA, daga wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Jidda: Malam, yawancin abokan aikina 'yan jihar Kerala ne, kuma nakan ji suna gardama a kan wani marigayi da suke kira "Mani sir". Wasu na cewa shi ya taimaki iyayensu da kuɗin magani, wasu na cewa a kan zargin cin hanci ya sauka daga minista. Wane ne shi, kuma yaya aka yi mutum ɗaya ya yi ta zama minista gwamnati bayan gwamnati?

AMSA: Malama, abokan aikinki duka suna da abin kamawa, sai dai kowane ɓangare ya riƙe rabin labarin ne. Mutumin shi ne K. M. Mani, wanda aka haifa ranar 30 ga Janairun 1933 a ƙauyen Marangattupilly da ke gundumar Kottayam, a gidan manoma Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika. Ya karanta shari'a a Madras, ya yi aikin lauya, sannan ya shiga jam'iyyar Congress har ya zama sakatarenta na gunduma. A 1964 wasu 'yan majalisa 15 suka yi wa gwamnatin babban minista R. Sankar ta jam'iyyar Congress tawaye, suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna Kerala Congress a ƙarƙashin K. M. George, Mani kuma ya bi su. A zaɓen 1965 aka ƙirƙiro mazaɓar Pala, ya tsaya ya ci, ko da yake majalisar da aka zaɓa a shekarar ba ta zauna ba saboda babu wanda ya sami rinjayen kafa gwamnati. Daga ranar har ya rasu, Pala ba ta san wani wakili ba. Sau 13 yana tsayawa, sau 13 yana ci.

Kafin a fahimci wannan ɗorewa sai an fahimci Pala da kanta. Yankin tuddai ne masu yawan ruwan sama, kuma arzikinsa roba ce. Kerala ce ke samar da mafi yawan robar Indiya, hedikwatar hukumar kula da roba ta ƙasa ma a garin Kottayam take. Manomi yakan fita tun kafin gari ya waye, ya tsaga bawon itacen a karkace da wuƙa ta musamman, farin ruwan ya riƙa ɗiga cikin ɗan ƙoƙon da aka ɗaure a jikin itacen, sau da yawa ɓawon kwakwa ne. Da hantsi ya bi ya tattara, a daskarar da shi, a matse a na'ura ya zama falle-falle, a shanya ko a turara da hayaƙi, sannan a kai wa dillali. Yawancin masu wannan aiki masu ƙananan gonaki ne, ba attajirai ba ne kuma ba 'yan ƙodago ba ne, don haka ba su ga gurbinsu sosai a jam'iyyun gurguzu da ke magana da yawun ma'aikata ba, kuma suna ganin Congress ta fi sauraron Delhi. Kuɗin makarantar 'ya'yansu, har da na waɗanda suka karanta jinya suka fita ƙasashen Larabawa, ya dogara ne a kan farashin kilo ɗaya na roba. Waɗannan mutane su ne jarin Mani, kuma ya san haka, bai taɓa barin su ya tafi neman wata kujera a wata mazaɓa ba.

Abu na biyu shi ne lissafin majalisa. Majalisar Kerala kujera 140 gare ta, kuma tun farkon shekarun 1980 siyasar jihar ta rabu gida biyu: ƙawancen UDF da Congress ke jagoranta, da ƙawancen LDF na 'yan gurguzu. Tazarar da ke tsakaninsu takan yi ƙanƙanta ƙwarai. A zaɓen 2011, misali, UDF ta sami kujera 72, LDF ta sami 68, jam'iyyar Mani kuwa tana da 9 daga cikin 72 ɗin nan. Duk wanda ya iya ƙidaya ya san cewa mai kujera tara a irin wannan hali ba roƙon muƙami yake yi ba, zaɓa yake yi. Irin wannan matsayi jam'iyyar Muslim League ke da shi a arewacin jihar, inda Musulmi suka fi yawa, domin Musulmi sun haura kashi ɗaya bisa huɗu na mutanen Kerala, Kiristoci kuma kusan kashi 18 cikin ɗari.

Ya fara zama minista a Disambar 1975, ana tsakiyar dokar ta-ɓacin firaministar Indiya Indira Gandhi, aka ba shi ma'aikatar kuɗi a gwamnatin C. Achutha Menon. A 1977 ya koma ministan cikin gida. A 1979 ya ja nasa ɓangaren na jam'iyya, wanda ake kira Kerala Congress (M), harafin M ɗin kuwa sunansa ne. A 1980 ya shiga gwamnatin 'yan gurguzu ta E. K. Nayanar a matsayin ministan kuɗi, a lokacin ne kuma aka fara biyan fansho ga tsofaffin 'yan ƙodagon gona, abin da har masu adawa da shi ba sa hana shi yabo a kansa. Kafin ƙarshen 1981 ya janye goyon bayansa, gwamnatin ta faɗi, ya koma ɓangaren K. Karunakaran na jam'iyyar Congress. Daga nan ya riƙe kuɗi, ya riƙe shari'a, ya riƙe ma'aikatar filaye da kuɗin shiga a gwamnatocin 1991 da 2001, ya sake dawowa kuɗi a 2011 a ƙarƙashin babban minista Oommen Chandy. Idan aka tara, ya yi fiye da shekara 20 yana minista, ya gabatar da kasafin kuɗin jihar sau 13, kuma babu wanda ya kamo shi a wannan a Kerala. Jam'iyyarsa ta sha rabewa, har kowane ɓangare yana maƙala harafin sunan jagoransa, shi kuma yakan ce jam'iyya ce da take rabuwa idan ta girma, take girma idan ta rabu.

Kuɗin maganin da abokan aikinki ke ambata asusun Karunya ne, wanda aka buɗe a 2012. Gwamnatin Kerala ta daɗe tana gudanar da cacar tikiti ta kanta, sai Mani ya ware wata daga ciki ya ce ribarta ta tafi ga marasa galihu masu fama da ciwon daji, ciwon ƙoda, ciwon zuciya da makamantansu, aka riƙa biya wa mara lafiya har rupi 200,000 na kuɗin Indiya. Na san mai karatu Musulmi zai tsaya a kan tushen kuɗin, kuma yana da hujjar tsayawa, domin caca caca ce ko da gwamnati ce ke yin ta, kuma talaka ne ya fi sayen tikitin. Duk da haka ba zan raina abin da asusun ya yi ba. Ke da kike aikin jinya kin fi ni sanin halin da iyali ke shiga idan aka ce uba zai riƙa zuwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kin kuma san yadda gona da gida ke tafiya a cikin wata kaɗan. Wanda aka ɗauke wa wannan nauyi ba zai manta da sunan wanda ya ɗauke ba. A 2015 kuma, da farashin roba ya faɗi warwas, ya kawo tsarin da gwamnati ke cika wa ƙaramin manomi kuɗi har ya kai rupi 150 a kan kowane kilo.

Zargin cin hancin ya taso ne a 2014. A shekarar gwamnati ta ƙi sabunta lasisin mashaya 418, sai wani babban mai otal-otal ya fito fili ya ce masu mashaya sun ba Mani rupi miliyan 10 domin a buɗe musu. Mani ya musanta, ya ce makirci ne aka ƙulla masa. 'Yan adawa suka rantse ba zai karanta kasafin kuɗi ba. Ranar 13 ga Maris 2015, bayan sun kwana a zauren majalisa, suka tare ƙofofi, wasu suka hau dandamalin kakakin majalisa suka wurgo kujerarsa ƙasa, aka farfasa kwamfutoci da lasifikoki, duk a idon kyamarar talabijin. Mani ya shigo ta wata ƙofar, 'yan ɓangarensa suka kewaye shi, ya karanta 'yan layuka cikin mintoci kaɗan, ya ajiye takardar a gaban majalisa. Kasafinsa na 13 ke nan, kuma shi ne na ƙarshe. A watan Nuwamba babbar kotun jihar ta yi tsokaci cewa wanda ke kan irin wannan kujera bai kamata a bar ko shakka a kansa ba, musamman da yake shi ne kuma ministan shari'a, washegari ranar 10 ga wata ya ajiye aiki.

A nan ya wajaba a yi adalci. Babu kotun da ta same shi da laifi. Hukumar bincike ta jihar ta kai rahoto fiye da sau ɗaya cewa ba ta sami isasshiyar shaida ba, kotu kuma ta ƙi karɓar rufe maganar, har ya rasu ba a kai ga shari'a ba. Saboda haka wanda ya ce ɓarawo ne ya faɗi abin da ba a tabbatar ba, wanda kuma ya ce an wanke shi sarai ya wuce gona da iri. Abin da nake gani a raina shi ne ya yi jinkirin sauka. Shekara guda cur ya zauna a kan kujerar kuɗi da ta shari'a ana binciken kansa, kuma abin da ya ba shi damar zaman shi ne kujerun nan tara, domin babban minista ba zai iya ce masa ya tafi ba sai ya yarda gwamnatinsa ta rushe. Ƙarfin da ya kawo wa manomi fansho da tallafin roba shi ne dai ya sa aka kasa taɓa shi lokacin da ya dace ya koma gefe, kuma wannan ya rage masa daraja a idon mutane da yawa da suka daɗe suna girmama shi.

Duk da haka Pala ba ta juya masa baya ba. A 2016 ya sake ci, amma da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 5,000 ba. A shekarar ya fitar da jam'iyyarsa daga UDF cikin fushi, ya koma a 2018 bayan an ba ɗansa Jose K. Mani kujera a majalisar dattawan tarayya. Kujerar babban minista, wadda aka sha raɗe-raɗin yana hari, bai taɓa hawa ba. Ya rasu a wani asibiti a Kochi ranar 9 ga Afrilun 2019, yana da shekara 86.

Ki tambayi abokan aikinki abin da ya biyo baya, domin a nan gardamarsu za ta ƙara zafi. A zaɓen cike gurbi na Satumban 2019, wani ɗan siyasa daban mai suna Mani C. Kappan, wanda marigayin ya kayar sau uku a jere, shi ya ɗauke Pala da tazarar ƙuri'a kusan 3,000. A 2020 Jose ya kai jam'iyyar mahaifinsa cikin ƙawancen LDF, wato wurin mutanen da suka tare wa uban ƙofa ranar kasafin kuɗi. A 2021 ya tsaya da kansa a Pala, ƙawancensa ya lashe jihar, amma shi ya faɗi a hannun Kappan da kusan ƙuri'a 15,000.